Kawalwalniyar So a Zaman Sabha

Duk wanda ya keto sahara daga Agadas, ya bi ta Dirku da Gatrun har Allah Ya kawo shi Sabha, ya san kawalwalniya. Mutum ya hango ruwa kwance yana ƙyalli, ya yi ta tafiya, ruwan kuma yana ta ja da baya. Direbobin hanya ba ta ruɗinsu, mai ƙishirwa take ruɗa. To, 'yan'uwa masu karatu, akwai irinta a sha'anin soyayya, kuma tana cinye shekarun samarinmu da na 'yan matan da suka baro a gida.

Labarin sananne ne a Gurda da Mahdiyya da duk inda Hausawa ke zama. Saurayi ya baro Damagaram ko Maraɗi ko Kano da niyyar shekara guda, ya haɗa kuɗin lefe da sadaki ya koma. Shekara ta zama uku, uku ta zama biyar. In ka tambaye shi, sai ya ce ai tana jiransa. A dā kaset ake ɗauka a ba matafiyi, yau kuwa muryar WhatsApp ce, amma zancen bai sake ba: "Saura kaɗan."

A nan ya kamata mu rarrabe abu biyu. Wanda wani ya yaudara, bai sani ba. Wanda ya yaudari kansa kuwa ya sani, ya dai ƙi dubawa ne. Shaidarmu ita ce, ya san tambayar da ba zai yi ba. Zai tambayi ɗan garinsu da ya iso jiya labarin damina da farashin gero da wanda ya rasu, amma ba zai ce, "Wa ke zuwa zance gidansu wance?" ba. Mu da ke koyarwa mun san irin wannan a aji: yaron da ya kife takardar jarrabawarsa bai duba ba, ya riga ya san abin da ke ciki.

To me ya sa mai hankali zai yi wa kansa haka? Domin ƙaryar tana da amfani gare shi. Wanda ya wuni yana ɗaukar bulo, ko yana ban-ruwa a gonar wani, ko wanda ya taɓa shiga gidan bashi sai da danginsa suka sayar da gona suka fanshe shi, yana bukatar dalilin da zai sa wahalar ta zama ba a banza ba. Yarinyar ita ce dalilin. In ya yarda ta tafi, to me ya zo yi? Ita ma can gida haka take: ta kori manema biyu ko uku, in ta yarda ba zai dawo ba, sai ta fuskanci bakin 'yan unguwa. Kowannensu yana riƙe da ƙaryar ɗan'uwansa domin tasa ta tsaya.

Masana sun daɗe da lura da wannan. Malam Ibn Hazmi na Andalus, a littafinsa Ɗauƙul Hamama da ya rubuta kusan shekara 1,000 da suka wuce, ya ware babi a kan mai son wanda bai gani ba sai siffantawa. Ya nuna cewa irin wannan mutum siffa yake ginawa a ransa, ranar haɗuwa kuwa ko dai son ya tabbata ko ya rushe. Namu ya fi wannan wuya, domin shi ya gan ta, amma wadda yake so ita ce ta ranar da ya hau mota. Ita ta girma, shi ma Libiya ta sake shi. Littattafan soyayya na Kano, irin su In Da So Da Ƙauna na Ado Ahmad Gidan Dabino na 1991, sun shaƙu da zukatanmu, sai dai marubuci shi ke riƙe da ƙarshen labarinsa, saurayin Sabha kuwa ba ya riƙe da nasa.

Hausawa na cewa so hana ganin laifi. Mu ƙara da cewa yana hana ƙidayar shekaru. Ba muna cewa kowane alkawari na nesa ruɗi ne ba, mun halarci ɗaurin auren waɗanda suka cika nasu. Abin da ya bambanta su shi ne wa'adi. An ruwaito cewa Sayyidina Umar, Allah Ya yarda da shi, ya yanka wa mayaƙa watannin da ba za su wuce ba nesa da matansu. Wannan aure ke nan ɗaurarre, balle baiko.

Saboda haka shawararmu ga ƙannenmu ita ce: ka sa rana, ka faɗa wa waliyyinta ta bakin manyanka. In ranar ta zo ba ka da hali, ka sake ta da bakinka, kada ka bari ta ji a wajen wasu. Iyaye kuma na gida su daina karɓar 'yar aike suna yin shiru. Hangen Dala ba shiga birni ba ne.

Allah Ya ba mu ikon duban gaskiya, Ya haɗa kowa da rabonsa na alheri, amin.