Takarduna Na Hannu, Saura Jarrabawa

'Yan ajinmu da yawa suna tsokanata da "sufeto" tun da suka ji ina haɗa takardun shiga aikin ɗan sanda. To bari in faɗa muku yadda abin ya faro.

Bara aka sace wa yayana babur a kusa da babbar kasuwar Garwa, na raka shi komisariya. Muna zaune sai ga wata tsohuwa ta zo ƙarar an kwashe mata awaki. Ba ta jin Faransanci ko kaɗan, jami'in da ke kan tebur kuma ɗan kudu ne, ba Fillanci ba Hausa. Ni na yi musu tafinta har aka rubuta ƙararta. Da za ta tafi ta ce, "Ɗana, Allah Ya yi maka albarka." Tun ranar na ce ashe wurin nan yana bukatar irinmu.

A Kamaru ba a zuwa a ce a ɗauke ni. Hukumar 'yan sanda ta ƙasa ce ke buɗe konkur, kowa ya shiga gwargwadon takardarsa. Mai shaidar gama firamare zai nemi ƙaramin ɗan sanda, mai BEPC irina sufeto, mai bakaloriya ofisa, mai digiri kwamishina. Ƙananan ana horar da su a Mutengene, can Kudu maso Yamma, manyan kuma a makarantar 'yan sanda ta Yawunde. Ana neman takardar haihuwa, da takardar kotu mai nuna ba a taɓa ɗaure ka ba, da ta likita. Bayan rubutu akwai gudu da gwajin lafiya.

A takardar haihuwa na fara cin karo. Sunana a jikinta daban aka rubuta shi da wanda ke kan takardar makaranta, harafi biyu kacal. Sai da na yi ta zirga-zirga kafin a gyara. Abokina kuwa ba shi da ita sam, sai ya bi ta kotu da shaidu. Iyaye, don Allah ku yanka wa jarirai takarda da wuri.

Baba da farko ƙi ya yi. Ya ce, "Kai da ka kusa sauka, za ka je ka tsaya kan hanya kana karɓar na goro?" Bai gama saukowa ba sai ga wani mutum ya zo har zaure, wai yana da hanya a Yawunde, in an ba shi kuɗi sunana zai fito. Abin da ya ambata sai an sayar da sanmu na noma. Wallahi na yi kwaɗayi, kwana biyu ban yi barcin kirki ba.

Na kai maganar wurin Malam bayan darasin fiƙihu. Ya ce, "Wanda ya sayi kujera, a jikin talakawa zai fanshe kuɗinsa. Kuma in ya gudu da kuɗin, ƙarar wa za ka kai?" Na rasa amsa. Da na maimaita wa Baba, sai ya yi shiru, can ya ce, "Je ka gwada da guminka. In ka ci, na yarda."

Yanzu kullum bayan asuba ina gudu har gadar Binuwai in dawo, da dare in yi bitar Faransanci bayan tilawa. Masu nema suna da yawa, guraben kaɗan ne, ina iya faɗuwa. In na faɗi, san yana nan, zan yi noma in sake gwadawa.

Ina roƙon malamaina da 'yan'uwana ɗalibai addu'a. In alheri ne Allah Ya ba ni, Ya kuma tsare hannuna daga haram. In kun gan ni wata rana da kaki na miƙa hannu, ku tuna mini da wannan rubutu. Wassalam.