Tsohon Doki Sai Mai Shi

Mu jikokin gida ɗaya ne a Kanya Babba, cikin ƙaramar hukumar Babura. Mu shida ne muka haɗa kai kan wannan magana, maza huɗu, mata biyu. Uku daga cikinmu suna sakandare kamar ku, babbanmu yana karatu a Kwalejin Kimiyya da Fasaha ta Hussaini Adamu da ke Kazaure, ɗaya yana koyon kanikanci, ɗaya kuma tana koyon ɗinki tun da ta gama sakandare. Abin da ya haɗa mu wata tsohuwar mota ce ƙirar Peugeot 504, wadda kowa ya fi sani da Fijo, da kakanmu ya rasu ya bari. Shekararta goma sha ɗaya ba ta motsa ba. Yanzu an ba mu wa'adin kaka biyu, ko dai mu fanshe ta mu tashe ta, ko a sayar wa 'yan gwangwan su yanka ta.

Da yawanku ba ku taɓa shiga irinta ba, don haka bari mu gabatar da ita. Kamfanin Peugeot na ƙasar Faransa ne ya fito da 504 a shekarar 1968, kuma a 1969 aka zaɓe ta gwarzuwar mota ta nahiyar Turai. Iyalin da suka kafa kamfanin sun daɗe suna ƙera zarto da injin niƙa kofi da kekuna kafin su fara mota. Zakin nan da ke goshinta tambarinsu ne tun 1858. A 1975 aka buɗe masana'antar harhaɗa Peugeot a Kakuri, cikin Kaduna, kuma an ci gaba da harhaɗa 504 a can har cikin shekarun 2000, bayan Faransa kanta ta daɗe da dainawa. Tamu daga Kaduna ta fito. Hannun 'yan ƙasar nan ne ya ɗaure kusoshinta.

Wanda ya gan ta yau, tayoyi a sace, kaji na ƙwai a kujerar baya, ba zai yarda cewa jinin 'yan tsere ce ba. Amma a 1975 wani direba ɗan ƙasar Suwidin mai suna Ove Andersson ya ci gasar Safari ta Kenya da 504. Wannan gasa ce ta dubban kilomita a kan burji da taɓo da duwatsu, inda motoci da yawa ke mutuwa a hanya. A 1978 kuma Jean-Pierre Nicolas na Faransa ya sake cinye gasar da 504 mai ƙofa biyu da babban inji. Abin da ya taimake ta a Kenya shi ne ya sa ta karɓu a nan. Cikinta a ɗage yake daga ƙasa, ƙafafunta suna shanye gargada, tayoyin baya ne ke tura ta, kuma injinta mai silinda huɗu bakaniken ƙauye zai iya kwance shi a gindin bishiya ya mayar.

Kakanmu, wanda duk gari ke kira Alhaji, fataucin hatsi da gyaɗa yake yi. Ya sayo ta sabuwa fil daga Kano a farkon shekarun 1980. Lambarta ta farko ma ta jihar Kano ce, domin sai a 1991 aka ƙirƙiri Jigawa. Ta san hanyar Kunya zuwa Babura har Baban Mutum kamar yadda jaki ya san hanyar gida. Iyayenmu sun ce a lokacin motocin garin ba su da yawa, saboda haka ko tsakar dare mace ta shiga naƙuda mai wuya, ƙofar Alhaji ake bugawa, kuma bai taɓa karɓar kuɗin mai a irin wannan tafiya ba. Ita ta kai maniyyata filin jirgin sama na Kano. Ita ta ɗauko iyayenmu mata ranar da aka kawo su amare. A cikinta iyayenmu maza suka koyi tuƙi. Kakarmu Hajiya har yau kishiyarta take kiranta, wai Alhaji ya fi tambayar lafiyar motar da safe kafin ya tambayi tata.

Manyan cikinmu sun shige ta tana tafiya, suna tuna ƙamshin kujerunta da yadda Alhaji ke taka ta a hankali idan ya ga tumaki. Ƙananan kuwa a tsaye suka san ta, ƙarƙashin darbejiyar ƙofar gida. A nan muka yi wasan direba da kwandasta, muna kiran Kano, Kano, saura mutum ɗaya. Abin da ya tsayar da ita ba wani babban haɗari ba ne. Lagireto ne ya yi yoyo, injin ya yi zafi, gaskit ya ƙone. A daidai lokacin ciwo ya kama Alhaji, kuɗin gyara ya tafi wajen magani. Kullum yana cewa in ya samu sauƙi zai tashe ta. Allah bai nufa ba.

Bayan rasuwarsa an raba gonaki da gida da dabbobi, aka bar motar a tsaye, domin babu wanda ya iya buɗe baki ya ce a sayar. Bara ne 'yan gwangwan suka fara zarya. Sukan zagaya ta, su ƙwanƙwasa bodin, su yi tayi. Su nauyin ƙarfe suke saye, sai injin da giya da za su cire su sayar daban. Baffanmu, ƙanin mahaifin wasunmu, shi ya fara cewa a karɓa. Ba mu ga laifinsa ba. Taki ya yi tsada, akwai kuɗin jarrabawar yara, an taɓa kashe maciji a ƙarƙashinta, kuma kowace damina tsatsa na ƙara cin abin da ya rage. Ga shi kuma haƙƙin magada ce, cikinsu har da goggonninmu da ke da bukatar rabonsu. Mu jikoki ba mu da ko sisi a cikinta.

Wannan batu na ƙarshe shi ya fi tsaya mana a rai. Son da muke yi mata bai ba mu damar riƙe dukiyar wasu ba. Sai muka nemi a ba mu dama mu yi magana ranar da aka taru. Babbanmu ya durƙusa ya ce, "Baffa, muna roƙon alfarma. Duk abin da 'yan gwangwan suka taya, a sayar mana a haka, mu riƙa biya da kaɗan kaɗan."

Baffa ya yi shiru, sannan ya ce, "Ku da ko keke ba ku mallaka ba? To, na ji. Kaka biyu na ba ku. Amma ban yarda ku biya kuɗi ku ci gaba da ajiye mana gidan macizai ba. Sai na ji kukan injin nan da kunnena."

Hajiya ta gyara zama ta ce, "Tumunina da ke cikinta na bar wa mazajen nan nawa da kishiyoyina. In sun tashe ta, ni za a fara kaiwa Kazaure." Kun san matar mamaci tana da kashi ɗaya cikin takwas idan ya bar 'ya'ya. Da wannan kyauta bashinmu ya ragu tun kafin mu fara.

Baffa ya ara mana gefen gonarsa, muka shuka riɗi, domin yana jure ƙarancin ruwa kuma yana da kasuwa. Muna zuwa noma da yamma da ranakun hutu, da sharaɗin da iyayenmu suka kafa cewa duk wanda sakamakonsa ya yi ƙasa a makaranta an cire shi daga aikin mota har zango na gaba. Mai ɗinkinmu ita ce ma'aji. Tana da littafi mai layi uku: abin da ya shigo, abin da ya fita, abin da ya rage wa magada. Kuɗin riɗin bara ya biya kusan rabin bashin. Ba mu taɓa ko kwabo daga ciki don sayen kayan gyara ba. Na kayan gyara asusu daban ne, inda kowa ke jefa abin da ya samu daga ƙwadago ko ɗinki.

Maigidan ɗan'uwanmu, wani dattijon bakanike da ya yi ƙuruciyarsa a kan Fijo, shi ya zama malaminmu. Abu na farko da ya hana mu shi ne ɗaura batir mu murza makulli. Ya ce injin da ya daɗe a kwance baƙin mansa ya gangare ƙasa, fistin ya manne da bangon silinda, in aka tilasta shi sai ringi ya karye ko bangon ya ƙarje. Ya sa muka cire fulogi huɗun, muka ɗura ɗan mai a kowane rami, muka bar shi ya jiƙa. Kowane mako sai mu sa babbar sifana a gaban injin mu gwada juya shi da hannu, a hankali, gaba da baya. Mako biyar bai ko girgiza ba. A na shida ya motsa kamar faɗin yatsa. Yanzu yana zagayawa gaba ɗaya.

A wannan aiki muka ga darussan aji da idonmu. Bugu huɗu na inji da ake zana mana a allo, wato shaƙar iska da fetur, matse su, ƙonewa, da fitar da hayaƙi, ga su nan muna taɓawa da hannu. Tsatsar da malamin kemistiri ya ce ƙarfe ne ya haɗu da iskar oksijin da danshi, ga ta ta huda ƙasan ƙofofi inda ruwan sama ke kwanciya, ta bar rufin da ke bushewa da wuri. Mun ga fetur ɗin da ya shekara a kafireta ya zama kamar ƙaro ya toshe ƙananan ramuka. Mun ga roba ta tsattsage don zafin rana, ɓeraye sun cinye wayoyi. Mun koyi cewa man birki yana shan danshi, don haka ko motar ta tashi ba za ta hau titi ba sai an sake shi, an duba bututunsa ɗaya bayan ɗaya. Ƙaramarmu, wadda ke aji biyu na babbar sakandare, ita ta zana taswirar wayoyin a kwali, ta sa wa kowace lamba kafin a cire ta.

Abin da ya rage yana da yawa. Sai an kai kan injin Kano an goge shi ya daidaita, an sa sabon gaskit. Lagireto na bukatar a wanke a liƙe. Akwai kuloci, da shakazoba, da tayoyi huɗu, da batir, kafin a zo maganar walda da fenti da takardu. Sau biyu wakilanmu suna zuwa kasuwar Ƙofar Ruwa a Kano don jin farashi. Kayan Fijo suna nan, amma wasu sai an tona, kuma masu sayarwar da suka san su a ido tsofaffi ne. Wani daga cikinsu ya ce yaran yanzu ba sa tambayar kayan kafireta. Wannan ya nuna mana cewa ilimin gyaran ma yana tsufa tare da masu shi.

Abokanmu sukan yi mana dariya, su ce da kuɗin nan gara mu haɗa mu sayi babur mu sa haya. Ta fuskar riba suna da gaskiya. Fijo tana shan mai, ba ta da na'urar sanyi, kuma ba za ta yi gogayya da motocin yau a tasha ba. Amma akwai abin da ake ajiyewa saboda labarin da yake ɗauke da shi. Motar Mercedes da aka harbe Janar Murtala Muhammed a ciki ranar 13 ga Fabrairu, 1976, tana nan a gidan tarihi na ƙasa da ke Onikan a Legas, ɗalibai na zuwa kallonta. Tamu ba ta ɗauki shugaban ƙasa ba. Ta ɗauki matan Kanya zuwa asibiti, kuma akwai magidanta a garin nan da aka haifa lafiya saboda ta isa da wuri. In aka yanka ta, kilo nawa ne za a auna, a biya, shi ke nan.

Mun san za mu iya faɗuwa. Riɗin bana yana hannun Allah, kuma malaminmu ya gaya mana gaskiya cewa sai an buɗe injin za a san ko bulok ɗin ya tsage. In ya tsage, gyaran ya fi ƙarfin asusunmu, kuma mun yi wa Baffa alkawarin ba za mu yi gardama ba. Ko da hakan ta faru, biyu daga cikinmu sun riga sun yanke shawarar karanta injiniyancin motoci, ɗaya kuma ta gano tana da kan lissafin kuɗi.

Ku ma ku duba gidajenku. Wataƙila akwai keken Raleigh a rataye a zaure, ko keken ɗinki na kaka, ko rediyon da ya yi shiru, ko garmar shanu da aka jingine. Kafin mai gwangwan ya zo, ku tambayi manya wa ya saye shi, a ina, me ya yi wa gidan, ku rubuta. In abin na magada ne, ku nemi izini, kada ku taɓa sai an yarda. In kuna son gyarawa, ku nemi wanda ya san aikin, ku zauna a gabansa da ladabi, kuma kada aikin ya ci lokacin karatunku.

Mu dai mun sa ranar buɗe injin bayan an gama jarrabawar zangon nan. Hajiya ta riga ta ce a ajiye mata kujerar gaba. Muna roƙon ku sa mu a addu'a. Allah Ya jiƙan Alhaji da sauran magabatanmu, Ya ba mu sa'ar karatu baki ɗaya, amin.