Kunnen Baba da Bakin Lasifika

Shekaru da dama mahaifina ya yi yana zargin kunnensa. A masallacin Juma'a na unguwarmu a Damagaram, wurin zamansa ɗaya ne: gindin bishiyar da ke gefen kudu, inda inuwa take. Idan an sallame sai ya kama hannuna ya ce, "Me liman ya faɗa yau? Ni gunji kawai na ji." Nakan maimaita masa huɗubar a hanya, ina tausayin tsufansa.

Sai bayan rasuwarsa, da na shiga karatun yadda sauti ke tafiya, na fahimci abin da ya faru. Lasifikar masallacin irin mai kama da ƙaho ce, bakinta na kallon gabas. A tsohuwar ƙira irin wannan, sauti mai kauri yana bazuwa ko'ina, amma siririn sauti, wanda ke ɗauke da baƙaƙe kamar s, sh da ts, yana tafiya a miƙe kamar hasken tocila. Wanda ke gefe yakan ji murya, kalmomi kuwa su kuɓuce masa.

Wannan matsala ce wani injiniya ɗan Amurka, Don Keele, ya tunkara a kamfanin Electro-Voice. A 1975 ya bayyana sabuwar ƙira, aka ba shi takardar mallakarta a 1978. Ya haɗa maƙogwaro mai lanƙwasa da bango miƙaƙƙe, sannan ya ƙara buɗe leɓen, domin kaurin sauti da siririnsa su rufe fili ɗaya, misali digiri 90 a faɗi da 40 a tsaye. Kamfanin Altec ya biyo baya da ƙirar Mantaray, shi kuma Keele ya ƙera wa JBL ƙirar Bi-Radial.

Ban ce kunnen Baba lafiya lau yake ba. Shekaru sun ci rabonsu. Amma ni ma ranar da na zauna a gurbinsa, da ƙyar na tsinci rabin huɗubar. Da mun matsa taku ashirin zuwa gaban lasifikar, da wataƙila ya ji da kansa.

Bara kwamitin masallaci ya tara kuɗin sababbin na'urori. Da aka zo ɗaurawa, na roƙi a juya ɗaya ta fuskanci bishiyar. Har yanzu tsofaffi ne ke zama a wurin.