A bar albashi a kama cefane? Gardamar da ta raba fadarmu biyu



Daren Juma'ar da ta wuce, shayi ya huce a fadarmu nan Maraɗi ba wanda ya kula. Wani ƙaninmu da ke tuƙin tasi a Amurka ne ya turo saƙon murya, yana ba mu labarin wata shawara da ta daɗe tana kai da komo a majalisarsu: a soke harajin da ake yanka daga albashi da ribar kamfanoni, a mai da shi duka kan saye. Ka karɓi kuɗinka cif, sai ranar da ka shiga kanti gwamnati ta ɗauki nata.

Sunan shirin FairTax. Wani ɗan majalisa daga jahar Jojiya, John Linder, shi ya fara gabatar da shi a 1999, an kuma sake kawo shi a 2023, amma har yau bai zama doka ba. Masu goyon bayansa suna cewa harajin kashi 23 ne cikin 100. Masu suka suna cewa 30 ne. Duka biyun ba su yi ƙarya ba: kayan jika 10 za ka biya jika 13. In ka auna jika 3 da jika 10, kashi 30 ke nan; in ka auna ta da jika 13, kashi 23. Tun daga nan muka gane maganar tana son natsuwa.

Malamin makarantar da ke cikinmu shi ya fara tashi tsaye. Ya ce, "Wallahi da ma a kawo mana shi nan! Ni ana cire nawa tun kafin in ga albashin da idona. Ku kuwa 'yan kasuwa, wa ya san abin da kuke samu?" Muka yi shiru, don gaskiya ya faɗa. Yawancinmu in mun biya patanti da tikitin kasuwa, shi ke nan, ribar tana aljihu. A ganinsa harajin saye ba ya barin kowa, da mai ofis da mai shago da ɗan sumoga, tunda kowa sai ya ci abinci.

Sai dattijon fadar, wanda bai ce uffan ba tun farko, ya ajiye kofinsa. Ya ce, "Malam, shekararka nawa a 2005? Mu mun ga abin da idonmu." Ya tuna mana lokacin Shugaba Tandja Mamadu, da aka ɗora TVA ta kashi 19 kan fulawa, madara, sukari, ruwa da wuta. A watan Maris jama'a suka cika titunan Yamai, aka rufe kasuwanni a manyan garuruwa, aka kama shugabannin ƙungiyoyin farar hula. Kafin Afrilu ya ƙare gwamnati ta janye harajin daga yawancin kayan. Ya ce, "Waɗanda sunka fito ranar nan ba masu albashi kaɗai ba ne, harda matan da ke tuyar fanke."

Muka ɗauko biro muka yi lissafi a bayan kwalin shayi. A ce cikin kowace dala biyar da aka kashe, ɗaya ta gwamnati ce. Mai ga-ruwa da ke samun jika 40 a wata, duka yake kashewa, don ba shi da abin ajiyewa; jika 8 ta tafi, kashi ɗaya cikin biyar na guminsa. Alhajin da ke samun miliyan 2, ya kashe jika 500 ya adana sauran, jika 100 zai biya, kashi ɗaya cikin ashirin. Kuɗin Alhaji sun fi yawa, amma nauyin a wuyan mai ga-ruwa yake.

Masu shirin na Amurka sun san da wannan, shi ya sa suka ce kowane wata gwamnati za ta aika wa kowane gida kuɗin da zai rufe harajin abin masarufi. Can ana da rajistar mutane da asusun banki. Mu nan, tsohuwar da ke ƙauyen Dakoro, ko takardar haihuwa ba ta da ita, ta wace hanya kuɗin za su iske ta? Haraji zai same ta a farashin sabulu, ramuwar kuwa ta tsaya a birni.

Ga kuma iyaka. Daga nan zuwa Ɗan Isa tafiyar ƙasa da awa ɗaya ce, bayanta Jibiya. A Najeriya irin wannan haraji kashi 7.5 ne tun 2020, namu 19. In aka ƙara ɗaga namu don a cike gurbin na albashi, kaya za su bi daji a kan babur, mai shagon da ke ba da rasit shi zai kwana da kayansa. An gudu ba a tsira ba.

Ba mu tashi da baki ɗaya ba. Malam na nan kan bakansa cewa ana cutar mai albashi, kuma ba mu da bakin musa masa. Abin da muka amince a kai shi ne, maganin kukansa ba ya cikin kwanon gero na talaka. A bi mu masu riba mu biya daidai ƙarfinmu, a bar abinci da magani su sarara, sannan a nuna mana inda kuɗin ke zuwa: ajin da aka raba da zana, likitar da ke da magani, hanyar da ba ta cinye taya. Mu ma mun ji kunya a daren nan, don mun daɗe muna zagin haraji alhali wani ke ɗauke mana kayan.

To ku fa, 'yan Damagaram, Tawa da Yamai, a ina kuka fi son a taɓa ku, a albashi ko a cefane? Muna saurarenku. Allah ya ba mu wucewa lafiya.