Kafin Ka Murɗa Makullin Nan

Ɗana,

Na ji jirgin da kake haɗawa a garejinka na Amurka ya tsaya da ƙafarsa, an ɗora masa Lycoming O-360 mai ƙarfin doki 180. Ɗan'uwan Air Beetle ne ke nan, wanda aka harhaɗa a nan Kaduna daga tsarin RV-6A don koyar da matuƙan sojan sama. Ka ce ranar Asabar za ka tayar. Tsaya ka ji ta bakin tsohon makanike tukuna.

Man da aka shafa wa injin lokacin haɗi ya daɗe da tsiyayewa. Rufe fetur, cire fulogi ɗaya daga kowace silinda, ka juya da sitata kaɗan-kaɗan, kana barin ta ta huce, har allurar gejin mai ta ɗaga. Baƙin man ya zama tsantsa, marar haɗi, kamar yadda kamfanin ya ce, har awa 50 ko shan mai ya daidaita.

Fetur ne ya fi damuna. Tankin da aka haɗa a gida ba ya rasa ɓurɓushin alminiyam da guntun gam. Kwance tiyo daga bakin kafireto, ɗaga hancin jirgin kamar yana hawa sama, kunna famfo ka tara a jarka kana duba agogo. Abin da ya zubo ya kai kashi 125 cikin ɗari na abin da injin ke sha a cikakken totur. Ka tace na farkon a farin ƙyalle. Abin da za ka gani zai sa ka sake wanke tankin ba sai an roƙe ka ba.

Farfela kuwa, ɗauke ta tamkar bindiga mai harsashi. Magnito ba ya jiran batir. Makulli na kashe shi ne ta wata siririyar waya, idan ta tsinke, taɓa farfela kaɗai na iya tayar da injin. Auna wayar da mita. Ka kuma kira mai duba aiki na ƙungiyar EAA ya bi kowane noti, don idon da ya ɗaure ba ya ganin sakacinsa.

Ranar, ɗaure wutsiyar da igiya, sa waigi a taya, mutum ɗaya ya tsaya bayan fiffike da tukunyar kashe gobara. Idan mai bai hau ba cikin daƙiƙa 30, kashe. Ko ya hau, 'yan mintoci sun isa. Doguwar silo a ƙasa na sa bangon silinda santsi, ringi ya ƙi zama. Kashe, ɗauko tocila, nemi yoyo.

Mahaifiyarka ta ce kada jikokinta su shiga sai ka cika awoyin gwaji. Na gaya mata dokar can ma haka ta ce.

Naka,
Babanka