Ranar da Birkin Kawu Ya Nutse

A hutun da ya wuce ni ne yaron motar Kawuna. Tsohuwar Sharon ce da yake jigila da ita tsakanin Bukkuyum da Gummi, wani lokaci har Anka. Aikina ɗaure kaya da karɓar kuɗi. Da yake a gaba nake matsewa kusa da giya, kullum idona na kan ƙafar Kawu, don burina in iya tuƙi kafin in gama aji shida.

A haka na lura da wani abu. Idan muka tsaya a shingen jami'an tsaro ya ɗora ƙafa a kan birki, sai birkin ya riƙa nutsewa a hankali, kamar ƙafa cikin taɓo, har motar ta fara silalewa. Sai ya ɗaga ƙafa ya sake takawa, ta tsaya. Na yi masa magana. Ya buɗe bonet ya nuna mini robar man birki, cike har kan layi. Ya ce, "Mai cike yake, yaro. Mi kake so kuma?" Na yi shiru.

Bayan kwana huɗu, kusa da Nasarawar Burkullu, shanu suka ratso titi, wani ɗan makiyayi da bai wuce ƙanena ba yana bayansu. Kawu ya taka, birki ya tafi har ƙasa. Ya sake takawa, ya sauke giya, ya ja birkin hannu. Inda muka tsaya, da na miƙa hannu zan iya taɓa sandar yaron. Mota ta kaure da salati. Wata tsohuwa ta sauka da ƙullin kayanta ta ce ko kyauta ne ba za ta ƙarasa da mu ba.

Makaniken da muka je wurinsa a Gummi bai fara da kwance komai ba, kuma wannan ne ya burge ni. Ya leƙa bayan kowace taya yana shafawa da yatsa, ya bi bututun mai har baya, ya duba ƙarƙashin abin takawa. Ko'ina a bushe. Sannan ya tada inji, ya ce in zauna in taka da ƙarfi lokaci guda. Birki ya tsaya cak. Ya ce in saki, in sake ɗora ƙafa a hankali in riƙe. Sai ga shi yana nutsewa.

Ya ce da iska ce ta shiga, da na ji birkin yana laushi kamar soso tun farkon takawa. Da bututu ne ya fashe, da mai ya ragu an kuma ga jiƙa. Tunda babu ko ɗaya, yoyon a cikin masta yake, wato tukunyar da ke tura mai zuwa tayoyi. Robobin cikinta sun cinye, don haka idan ka taka a hankali man yakan zille ta gefensu ya koma baya maimakon ya je taya. Ko ɗigo ba ya zuba waje, shi ya sa robar ke cike tana yaudarar mu. Nan take na tuna darasin Pascal da muka yi a fiziks, wanda na haddace don jarrabawa kawai: matsin da aka yi wa ruwa a rufaffen wuri yakan isa ko'ina daidai. To, wurin namu ya daina zama rufaffe.

Da ya ciro mastar, man da ya fito baƙi ne kamar shayin da ya kwana. Ya dubi Kawu ya ce, "Alhaji, an taɓa zuba mata ruwa?" Kawu ya sosa ƙeya ya ce sau ɗaya ne, da garin sabulu, ranar da bututu ya fashe masa a daji. Ruwan nan ne ya sa tsatsa, tsatsar ta kankare robobin. Daga baya na karanta cewa sabon mai irin DOT 4 ba ya tafasa sai zafi ya kai digiri 230, amma idan ya sha ruwa yakan sauko wajen 155, shi ya sa ake so a canza shi duk shekara biyu. Kawu bai taɓa canzawa ba tunda ya sayi motar.

Kuɗin da ke aljihunsa ranar na littattafaina ne da sabon yunifom. Ya daɗe yana juya su kafin ya miƙa. Ban ce komai ba, amma gaskiya raina ya ɓaci, har sai da fuskar ɗan makiyayin nan ta dawo mini.

Ni aka zaunar wajen fitar da iska. Makanike yana ƙarƙashin mota yana kira, "Taka! Riƙe! Saki!" taya bayan taya, har cinyata ta yi tsami. A ƙarshe na ɗora ƙafa na ƙirga talatin, birki bai motsa ba.

'Yan ajinmu da ke tambayata dalilin da wandona ya ɗage zangon nan, ga amsarku.