Fiyano da Makomar Kalangu a Batsari da Safana

Abin da Bahaushe ke kira fiyano a yau ba shi ne babban akwatin nan na Turawa ba. Ɗan allo ne mai aiki da lantarki, wanda aka ɗura wa muryoyin ganga da sarewa, ta yadda mutum guda zai danna maɓalli da hagu kiɗa ya yi ta zuba da kansa, shi kuwa ya bi da dama yana ƙawata shi. Masu shirya fina-finai a Kano su ne suka fito da shi fili da samfurin Yamaha PSR, musamman bayan fim ɗin Sangaya na 1999, shekarar da Alhaji Mamman Shata ya rasu. Daga nan ya bi hanya har ya iso Batsari da Safana, ya shiga gidajen biki.

Dalilin karɓuwarsa ba ɓoyayye ba ne. Uwar biki da a dā za ta ciyar da makaɗa da 'yan amshi da sanƙira, ta kuma sallame su, yanzu yaro ɗaya da janareta sun ishe ta. Sai dai akwai abin da araha ba ta saya. Kalangu magana yake yi. Makaɗi kan matse tsarkiya a hammata ya saki, sautin ya hau ya sauka bisa karin harshen Hausa, har mahauci ya ji takensa daga nesa ya ajiye wuƙa, tsikar jikinsa ta tashi. Fiyano kuwa bai san ɗan wane ya shigo fage ba. Abin da aka ɗura masa a Japan shi zai maimaita, ko gaban Sarkin Ruma ko gaban Yariman Katsina.

Amma kuskure ne a ɗora wa fiyano laifin duka. Tun da 'yan bindiga suka kafa sansani a Dajin Rugu, kiɗan dare ya yi wuya a ƙauyukan yankin, gayyar noma ta ja baya, gangar noma ta koma rataye. A 2021 har layukan waya aka rufe a ƙananan hukumomin biyu. Mai kalangu da mai fiyano duk zama ya kama su, domin wanda ya kwana a daji ba ya kiran makaɗi.

Shi kansa fiyanon ƙasa tana zame masa. Situdiyo ta koma kwamfuta, matashin da a dā zai yi tarin kuɗi ya sayi allon ya koya a ɗaki, yanzu a wayarsa yake haɗa kiɗa. Inda ya rage masa shi ne fagen biki da majalisi da taron siyasa, watau inda ake bukatar mai kiɗa ya dubi jama'a ya sauya. Nan kuwa ɗan gidan kalangu ya fi kowa kunne, in dattawan gidan za su daina ganin taɓa fiyano a matsayin zubar da gado.